Zagayen Filato bayan an kwashe shinkafa

Da zarar mun gama sussukar shinkafa a nan ƙauyenmu na yankin Kura, ni da ƙanina za mu ɗauki hanyar Filato. Mu mutanen Kano idan aka ambaci Filato, abu biyu ne ke faɗo mana: sanyin Jos da rikici. Alhali jiha ce mai ƙananan hukumomi 17, kuma dankalin turawan da muke saye a 'Yankaba ba a tsakiyar Jos ake shuka shi ba. Ni manomin rani ne, ina so in tsaya a bakin kunyarsa in ga yadda suke yi.

Da na fara tsarin, sunayen duwatsu na jera a takarda: Shere, Riyom, Wase. Na kai wa Kawu, ƙanin Inna, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana kasuwancin hatsi a Bukuru. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To ɗana, a Riyom ɗin gidan wa za ka sauka? Wa zai gaya maka unguwar da ake shiga da wadda ake kewayewa?" Tun daga ranar na sake lale. Yanzu duk garin da ba mu da mai masauki a cikinsa, wucewa za mu yi da rana, ba za mu kwana ba. Na yarda da Kawu, domin abin da ya faru a Jos a 2001, 2008 da 2010, da na Mangu da Bokkos a 2023, ba tatsuniya ba ce. An rasa rayuka, Musulmi da Kirista. Amma kuma ban yarda a ce saboda haka mu daina zuwa ba. Mutane na can suna noma, suna cin kasuwa tare, kuma baƙon da ɗan gari ya riƙe hannunsa ba ɗaya yake da wanda ya faɗo kawai ba.

Hanya dai sananniya ce. Kwanar Ɗangora, Tudun Wada, dajin Falgore, Doguwa, Saminaka, Jengre, sai Jos. Za mu fita bayan sallar asuba don mu ratsa Falgore hantsi na dukanmu. Daga Jengre mota take fara hawa sosai. Kano ba ta kai mita 500 daga doron teku ba, Jos kuwa ta haura 1,200, shi ya sa Inna ta riga ta ciro mana rigunan sanyi da bargo tana cewa, "Ku dai kada ku raina sanyin garin nan, ba irin hunturunmu ba ne."

A Jos za mu sauka wurin wani abokin cinikin Kawu. Kasuwar Farin Gada tun da sassafe, lokacin da ake sauke kabeji, karas, koren wake da tumatir, don in ji farashi daga bakin dillalai. Sai gidan tarihi, wanda aka buɗe a 1952 ƙarƙashin Bernard Fagg, wani Bature masanin kayan tarihi. A nan ake ajiye kawunan yumɓu na tsohuwar al'adar Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928. Kusa da shi akwai filin da aka kwaikwayi tsofaffin gine-ginen ƙasa, har da ganuwar Kano da tsohon masallacin Zariya. Ƙanina magini ne, wannan filin shi ne abin da ya sa ya yarda ya bar aikinsa ya biyo ni.

Bukuru da Barkin Ladi su ne suka fi tsaya mini a rai. Kakanmu na cikin waɗanda aka ɗiba aikin tilas zuwa ramukan kuza a lokacin yaƙin Hitila, tsakanin 1942 da 1944, sa'ad da Turawan Ingila suka rasa kuzar Malaya suka juyo kan ta Filato. Dagatai aka ɗora wa kawo mutane. Inna ta ce har ya rasu, in ya tuna wurin, ba nauyin kwanon ƙasa a ka yake faɗa ba, sanyi yake faɗa: mutum ya fito daga ƙasar zafi da 'yar taguwa ɗaya, a kwantar da shi a bukkar ciyawa a kan tudu. Da yawa ba su dawo ba. Ramukan nan suna nan, sun cika da ruwa sun zama kududdufai masu zurfin gaske, tulin jar ƙasa a gefensu. Abin da ya ƙara ja na shi ne yau da ruwansu ake noman rani, a dasa injin ban-ruwa a baki a ja tiyo zuwa gonar dankali. Ina so in tsaya a bakin ɗaya in yi wa kakanmu addu'a, sannan in tambayi mai gonar kwana nawa yake yi tsakanin ruwa da ruwa.

Vom ba nisa. Can ne cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa, tun 1924, inda ake haɗa alluran rigakafin shanu da kaji. Duk mai kiwo a garinmu ya taɓa amfana da Vom ko bai san sunan ba. A Kuru kuma akwai reshen binciken dankalin turawa. Tambayata a can guda ce: wane iri ne zai jure ɗan gajeren sanyinmu na Kano, daga Disamba zuwa Fabrairu, ya yi 'ya'ya kafin zafi ya sauko? Dankali sanyin dare yake so, kuma iri shi ne rabin kuɗin nomansa, don haka ba zan sayi buhu a kasuwa da ka ba.

Mangu mun daidaita ta da ranar Juma'a, ranar babbar kasuwarta ta masara. Kawu yana da mutum a can. Bokkos, wadda ita ce uwar dankalin, na bar ta a hannun wannan mutumin: in ya ce a shiga mu shiga tare da shi, in ya ce a dakata mu dakata, ba musu. A hanya akwai Panyam mai tsohuwar gonar kifi, da Kerang inda ake ɗura ruwan Swan. Waɗannan leƙawa ce kawai.

Daga Pankshin, ƙasar Angas, hanya take gangarowa daga tudu, sanyi ya fara sakin mutum. Langtang ta Tarok ce, garin da ya shahara da manyan hafsoshin soja. Sai Wase, masarauta mai sarki, inda dutsen nan yake tsaye shi kaɗai a fili kamar turmin da aka kife, ana hango shi tun daga nesa. A Wase muna da gida, wata 'yar ƙauyenmu ce ke aure a can, har Inna ta ɗaure mata daddawa da kuka. Shendam na cire ta, kuɗin mota ba zai kai ba.

Kan abinci, na yi wa kaina alkawarin cin gwaten acca da tuwonta a gidan mutane in an ba mu. Nama kuwa sai inda mai masauki ya nuna. Kuɗi mun raba biyu, kaɗan a aljihu, sauran a asusu, tunda masu POS sun cika ko'ina. Katin ɗan ƙasa a aljihun gaba saboda shingayen jami'an tsaro. Ba ɗaukar hoton gona ko gida sai an nemi izini, kuma la'asar ta same mu a masauki.

Abin da ya rage yanzu Pankshin ce. Kawu yana ta neman lambar wani malamin makaranta da suka yi zama tare a Bukuru, wanda aka ce ya koma can. In an same shi mu kwana, mu hau tsaunukan garin da safe. In ba a samu ba, mu tashi daga Mangu da wuri, mu yi azahar a Langtang, mu ƙarasa Wase kafin rana ta yi sanyi.