Fuskar da ke kumbura da safe ta sace da rana

Ina 'yar shekara 16, muna zaune wajen Ƙofar Marusa a cikin Katsina, na fara tashi da asuba idanuna sun yi luhu-luhu kamar wadda ta kwana tana kuka. Kafin a fita tara a makaranta kumburin ya sace. Da yamma kuma takalmi ya matse ni, in na danna ƙaurina da yatsa sai wurin ya loɓa, ya daɗe bai ciko ba.

Inna ta ce sanyi ne, aka haɗo mini jiƙo. Ni kuma na zagaya kemis aka ba ni ƙwayar da ke sa yawan fitsari. Duk lokacin da fuskar ta koma daidai sai in ce na warke. Wata biyar ina wannan yaudarar kai.

Abu biyu na ɓoye wa kowa. Fitsarina yana kumfa kamar an kaɗa sabulu, kunya ta hana ni faɗa. Sannan akwai man ƙara haske da nake saye a wata 'yar roba marar suna, ina shafawa bayan isha'i.

Ranar da ido ɗaya ya ƙi buɗuwa Baba ya kai ni asibiti. Aka tsoma wani siririn tsinken gwaji a fitsarina, nan take ya juya daga rawaya zuwa kore. Likita ya ce, "'Yata, me kike sha, me kike shafawa?" Na ce ba komai. Sai a zuwa na biyu, da Baba ya fita biyan kuɗi, na ciro robar daga jaka. Wannan ƙaryar ta mako biyu har yau tana ci mini rai.

Likitan ya bayyana mini cewa ƙoda kamar rariya take. In ta lalace sai furotin ɗin jini ya riƙa zurarewa cikin fitsari, shi ne kumfar. Da ya yi ƙaranci, ruwa ba ya zama cikin jijiyoyi, sai ya taru inda fata ta fi laushi: fatar ido in kina kwance, ƙafa in kin wuni a tsaye. Wasu mayukan bilicin na ɗauke da sinadarin makuri, wato zaiba, mai iya jawo haka, ko da yake cutar kan kama wanda bai taɓa shafa komai ba. Na daina man, aka rage mini gishiri da magi, na yi watanni ina shan magani ana auna fitsarin.

Ƙannena, ba kowane kumburi ne na ƙoda ba. Ruɓaɓɓen haƙori kan kumbura kunci ɗaya da zogi. Hangum a gindin kunne yake, da zazzaɓi. Akwai mai kumburar leɓe da ido bayan cin gyaɗa ko kifi, ko shan wani magani, ko harbin zuma. In harshe ya shiga ko numfashi ya fara sarƙewa, a tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. Masu shan "sha ka fashe" don ƙiba, galibi da wani magani mai suna dexamethasone a ciki, fuskarsu kan yi zagaye ta ƙi sacewa, kuma yanke shi farat ɗaya ba da likita ba haɗari ne. In kumburin ya biyo bayan ciwon maƙogwaro ko ƙuraje da mako ɗaya zuwa uku, fitsari ya koma kamar baƙin shayi, nan ma ƙoda ake zargi, a auna hawan jini.

In za ku je asibiti, ku ɗauki hoton fuskar da asuba, domin kafin layi ya zo kanku ta sace. Ku zuba duk abin da kuke sha da shafawa a leda, har da jiƙon, ku ajiye a gaban likita.