Rubutun da ke jikin tsohuwar bindiga

Jiya a wani gidan tarihi na daɗe tsaye gaban wata tsohuwar bindiga ƙirar Lee-Enfield, irin wadda marigayi kakana ya rataya a yaƙin Bama. Mai kula da wurin ya nuna min ƙarfen da ke bayan kunama: hoton kambi, ƙarƙashinsa G.R., wato Sarki Joji na Ingila, sai B.S.A. Co, masana'antar Bamingam, sannan 1917, shekarar da aka ƙera ta. Ashe ta girmi yaƙin nasu da shekara ashirin da ɗoriya! Ga wata 'yar kibiya, alamar kayan gwamnati. A katakon kuma an buga DP, ta atisaye ce kawai, an daina harbi da ita. Wallahi sai da na share hawaye. Allah ya jiƙan Kaka.