Haɗin Wayar da Ruwan Farko Ya Tona Mini Asiri

Har yau idan hadari ya haɗo a Sakkwato gabana faɗuwa yake yi, saboda wani haɗin waya da na yi a watan Afrilu, ina sabon shiga aikin fitilun ƙasa na filin jirgin sama.

Fitilun shuɗi da ke gefen hanyar da jirgi ke bi bayan ya bar titin sauka ba kamar wayarin gida ake haɗa su ba. Waya ɗaya ce take ratsa su a jere ta koma inda ta fito, kowace fitila da ƙaramin taransifomanta a cikin rami, na'ura kuma tana riƙe wutar, wadda ba ta wuce amfiya 6.6. Na san wannan a takarda. Abin da ban ɗauka da muhimmanci ba shi ne, idan wutar ta zurare ƙasa a wuri ɗaya fitilu za su ci gaba da ci kamar lafiya lau, sai ta sami wuri na biyu sannan waɗanda ke tsakani su dushe.

Ranar da na yi haɗin, rana ta take, kwalta har tiriri take yi, na gaji. Na haɗa wayar, na naɗe ta da salatif sama-sama, na rufe ramin ba tare da na gwada ta da mega ba, wato na'urar da ke auna ko wuta na zurarewa daga waya, alhali awon ba zai ci minti goma ba. Na kunna, suka kama, na yi tafiyata.

Da ruwan farko ya sauka, bayan magariba aka kira daga hasumiyar kula da jirage cewa shuɗin fitilun wata kwana ya mutu, a daidai wurin da matuƙi ke dogara da shi don kada tayarsa ta sauka daga kwalta. Ashe akwai tsohuwar zurara a wani wuri, tawa ce ta cika ta biyu.

Muka kashe layin, muka yi ta buɗe ramuka da tocila har tsakar dare. Da muka iso nawa, ruwa ya cika shi, salatif ɗin ya saki. Maigidana ya ɗaga wayar ya ce, "Malam, aikin wa ke nan?" Na ce, "Nawa ne, ranka ya daɗe." Bai ƙara magana ba, ya miƙo mini megar da na ƙi ɗauka a Afrilu.