Tafiya a Ƙasa Daga Butre Zuwa Axim ta Bakin Teku

Yawancinmu mazauna Nima da Mamobi da Sabon Zango a Accra ba mu san teku ba sai da salla, lokacin da matasa ke cika trotro su nufi Labadi, su jiƙa ƙafa, su dawo gida kafin isha'i. Alhali kuwa ƙasar Ghana tana da gaɓar teku mai tsawon kusan kilomita 550, tun daga Aflao a iyakar Togo har zuwa iyakar Kodebuwa, kuma a ganina ɓangaren da ya fi dacewa mutum ya taka da ƙafarsa shi ne wanda ya tashi daga Butre a ƙasar Ahanta, ya ratsa Busua da Dixcove da Akwidaa da Cape Three Points da Princes Town, ya ƙare a Axim.

A Ingila akwai hanyar masu yawon ƙafa da ta bi gaɓar kudu maso yamma har mil 630, an kakkafa mata alamu ta yadda baƙo ba ya buƙatar tambayar kowa. Mu a nan ba mu da irin wannan. Abin da ke akwai shi ne rairayi, da 'yan turbobin da manoma da masunta suka buɗe da sawunsu, da hanyoyin jar ƙasa da suka ratsa gonakin roba da na kwakwar manja. Saboda haka wanda zai yi wannan tafiya ba shi ne mai tsara ta shi kaɗai ba: teku tana da nata lokaci, mutanen ƙauyukan kuma su ne masu ƙasar da zai taka ya kwana a kai.

Daga Accra mutum zai hau motar Takoradi a tashar Kaneshie, tafiyar fiye da kilomita 200, sannan ya nemi ta Agona Nkwanta, inda ƙananan motoci ke sauka zuwa bakin ruwa. Lokacin da ya fi kyau shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu, da hunturu, domin yankin Axim yana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a ƙasar, kuma a watannin Mayu da Yuni turbobin kan koma taɓo, koguna su cika su tumbatsa.

Teku tana cika ta janye sau biyu a kowane yini da dare, kuma lokacin yana jinkirta da kusan minti 50 kowace rana, domin wata ne ke jan ruwan. Mu da muke lissafin azumi da salla da ganin wata muna da sauƙin riƙe wannan: a tsayuwar sabon wata da kuma daren sha huɗu ruwa ya fi hawa, ya kuma fi ja da baya. Idan teku ta janye, rairayin da ta bari yana da ƙarfi da santsi, ƙafa ba ta nutsewa, mutum sai ya yi tafiya mai nisa bai gaji ba. Idan ta cika kuwa, sai ta kora matafiyi zuwa busasshen yashi, wanda kowane taku a cikinsa aiki ne ga mai jakar goyo, a wasu wuraren ma ta rufe hanya gaba ɗaya a gindin duwatsu, dole a hau tudu a zaga ta daji. Bakunan koguna da tafkunan da ke zuba a teku su ne suka fi buƙatar lura, domin wurin da ruwa bai wuce idon sawu ba da hantsi yana iya kai wa ƙirji da la'asar, ga kuma ƙarfin ja a ƙarƙashi wanda ido ba ya gani. A Butre da Akwidaa akwai gadar ƙafa, a wasu wuraren sai kwalekwale, kuma ban ga hikimar mutum ya yi rowar 'yan sidi kaɗan ya shiga ruwan da bai san zurfinsa ba. Manhajojin waya suna ba da jadawalin cika da janyewar teku, amma na fi amincewa da dattijon da ke zaune yana gyaran koma a inuwar kwakwa, domin shi ya san inda yashi ya gusa a makon nan. Haka nan wanka a wannan teku ba abin wasa ba ne. Igiyar ruwa tana janye ƙwararrun masu iyo, balle ɗan birnin da ya koya a kwata.

Kusan kowane gari a hanyar yana da tsohuwar ganuwar Turawa a kan tudu. A Butre akwai kufan Batenstein da mutanen Holand suka gina a 1656, a Dixcove akwai Metal Cross ta Ingilishi wadda aka fara a shekarun 1690, a Princes Town kuma akwai Gross Friedrichsburg da Jamusawan Brandenburg suka kafa a 1683, wadda daga baya wani attajiri ɗan ƙasa, John Konny, ya riƙe shekaru ya hana mutanen Holand shiga. Ta Axim, wato Saint Anthony, ita ce mafi tsufa a cikinsu, domin Fotugis suka gina ta a 1515. Zinariya ce ta fara kawo Turawan, sannan cinikin bayi ya biyo baya, kuma hukumar UNESCO ta sanya ganuwoyin cikin kayan tarihin duniya a 1979. Wanda ya zo da mota yana ganin ɗaya ya wuce, amma mai tafiyar ƙasa yana fahimtar kusancinsu da juna, da yadda ƙasashen Turai daban-daban suka yi ta gogayya a kan ɗan wannan yanki. A nan ne kuma mutanen Holand suka kashe sarkin Ahanta, Badu Bonsu na Biyu, a 1838, suka tafi da kansa, ba a dawo da shi gida ba sai a 2009.

Batun kwana shi ne inda na fi ganin 'yan birni suna kuskure. Mutum yana ganin fili tsakanin bishiyoyin kwakwa babu kowa sai ya ɗauka ba shi da mai shi, alhali kowace kwakwa a wurin tana da wanda ya shuka ta, kowane bakin ruwa kuma yana ƙarƙashin wani gari. Abin da ya dace shi ne a shiga ƙauye tun rana ba ta faɗi ba, a yi gaisuwa, a nemi wakilin sarki ko shugaban masunta, a faɗi daga inda aka fito da inda aka dosa, a nemi izinin kafa tanti. A al'adarsu akan kai wa sarki kwalbar giya. Ni dai nakan bayyana cewa ni Musulmi ne, in miƙa ɗan abin goro a madadinta, kuma ban taɓa ganin an ɓata rai ba. Wanda ya yi haka ya zama baƙon gari, za a nuna masa inda ruwa ba ya kaiwa da dare, da inda ba a so a taka don wurin tsafi ne ko maƙabarta. Kada a kafa tanti a ƙarƙashin kwakwa mai 'ya'ya, kada kuma a kafa shi dab da gari, domin a ƙauyuka da dama bakin teku ne bayan gida da asuba. Raɓa tana sauka da yawa, sauro da wasu ƙananan ƙwari masu cizo suna fitowa da magariba, don haka tanti mai rufi biyu da raga ya fi shimfiɗa tabarma a fili. Wanda ba ya son wahalar tanti zai samu masauki a Busua da kusa da Akwidaa.

A watannin hunturun nan kunkurun teku suna fitowa da dare su haƙa rami su zuba ƙwai a rairayi. Dokar ƙasa ta hana kama su ko kwasar ƙwansu, kuma hasken tocila ko wutar da aka hura a bakin ruwa yana iya mayar da uwa teku ba ta yi ƙwan ba, ya kuma ruɗar da 'ya'yan da suka ƙyanƙyashe su nufi daji maimakon ruwa.

Ruwan sha shi ne kaya mafi nauyi. Ana samun ruwan leda a kowane gari, sai dai tsakanin gari da gari babu komai, kuma ya kamata mutum ya riƙe ledojinsa har inda zai zubar, domin shara da teku ke amayowa ta riga ta isa. Alwala ba ta cin ruwan sha, tunda ruwan teku mai tsarki ne kamar yadda ya tabbata a hadisi, alƙibla kuma tana gabas da ɗan karkata zuwa arewa, wato mai tafiya yamma yakan juya baya ne idan zai yi salla. Abinci ba ya wuya: dokunu da soyayyen kifi da barkono, ga gari da sukari da gyaɗa a jaka saboda tsakar rana. A tuna dai cewa ranar Talata masunta da yawa ba sa shiga teku, don haka ɗanyen kifi yakan yi ƙaranci. A riƙe tsabar kuɗi ƙanana, domin akwai wuraren da waya ba ta kamawa balle a tura kuɗi ta cikinta.

Cape Three Points ita ce ƙarshen Ghana ta kudu, kuma hasumiyar fitilar da ke wurin, wadda aka gina a 1925, tana kan tudun da ake hango teku ta ɓangarori uku. A can cikin ruwan, nesa da inda ido ke kaiwa, aka gano man fetur a 2007, amma ƙauyen da ke gindin hasumiyar ƙaramin ƙauyen masunta ne, hanyar da ke zuwa gare shi kuma mai wahalar da mota ce. Daga nan zuwa Princes Town da Axim duwatsu sun fi yawa, turbobi suna rarrabuwa cikin gonaki, kuma a nan nake ba da shawarar a ɗauki ɗan jagora daga garin da aka kwana, a daidaita kuɗinsa tun kafin a tashi, a kuma haɗa da na motar da za ta mayar da shi gida. A Axim akwai zango da masallaci, akwai kuma motocin Takoradi tun da sassafe ga wanda ƙafarsa ta gaji. Wanda kuwa yake da sauran ƙarfi sai ya haye kogin Ankobra ya nausa cikin ƙasar Nzema, inda rairayi ke miƙewa har Beyin.