Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Wasiƙar da Ta Same Ni a Laberiya

Makon jiya mun tsaya inda jiragenmu suka taso daga Freetown ta Saliyo da dakarun ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma. Ranar 24 ga Agusta 1990 aka sauke sojoji a tashar jiragen ruwa ta Monrovia, babban birnin Laberiya, mayaƙan madugun 'yan tawaye Charles Taylor na ta ɓarin wuta. Lokacin uwargida na Kano da tsohon ciki.

Ranar da na shiga sojan ruwa, Baffa ya dube ni a zauren gidanmu ya ce, "Yaro, ruwa ba sa'an kwando ba ne. Wa ka gada a nan?" Maganar nan ta bi ni har bakin teku. Duk daren da aka ba ni tsaron sha biyu zuwa ƙarfe huɗu na asuba, ina tsaye a ɗakin tuƙi ina kallon wutar da ke ci a gari, sai ta faɗo mini a rai.

A jirgi, agogo ke mulki. Awa huɗu kana bakin aiki, ka sauka ka ɗan runtsa, a sake tashe ka. Ruwan daɗi kuwa aune yake, har na alwala sai da lissafi. Alƙibla ma ba ta zama wuri ɗaya, don jirgin da ke kan anka yana juyawa da igiyar ruwa, saboda haka kafin kowace salla sai na duba kamfas na nuna wa yara arewa maso gabas. Abinci shinkafa da wake, gobe gari, jibi shinkafa. Abin da ya cece ni shi ne ƙullin yaji da kuka da daddawa da uwargida ta cusa mini a jaka. Wani kukunmu, mutumin Kalaba, ya koyi kaɗa miyar kuka saboda ni, Allah ya saka masa.

Ranar 9 ga Satumba muka ji harbi ba ƙaƙƙautawa daga wajen hedikwatar rundunar. Can aka ce mutanen Prince Johnson, wani madugun 'yan tawayen, sun kama Shugaban Laberiya Samuel Doe, wanda ya zo ganin kwamandan rundunar, Janar Quainoo na Gana. Daga baya Janar Dogonyaro na Najeriya ya karɓi ragamar fagen daga. Labarin ya kai Kano ta rediyo, mu kuma babu waya, babu hanyar cewa muna raye. An ce Inna ta daina cin abincin dare.

Wasiƙa sai jirgin da ya kawo kayan abinci daga Legas ya zo da ita. Tawa ta iso bayan an gama wankan jego. Ƙanen uwargida ne ya rubuta mata: "Maigida, an samu namiji. Na faɗa musu wasiyyarka, ba a saurare ni ba."

Kafin in tafi na bar magana a gaban shaidu, in namiji ne a sa masa sunan mahaifina, mu riƙa kiransa Abba. Baffa ya raɗa masa nasa sunan. Ragon kuwa da albashina aka saya. Da uwargida ta aika a tuna masa, cewa ya yi wanda ya ba ruwa kansa ba ya barin wasiyya a tudu. Kwandon nan dai da ya raina, shi ya biya masa kuɗin asibiti a 1998, kuma ban taɓa goranta masa ba har ya koma ga Allah. Amma mahaifina ya rasu ba shi da takwara a cikin jikokinsa na fari, wannan kam ban iya mantawa ba.

Na ninke takardar na sa a aljihu, domin a ranar muna ɗibar 'yan Najeriya da sauran baƙi masu gudun yaƙi. Mata da goyo, tsofaffi da ƙafa a kumbure, kowa ya kwanta inda ya samu a saman jirgi. Wata Bahaushiya 'yar Zangon Kumasi ta ji ina Hausa, ta riƙe mini hannun riga tana kuka, ta ce, "Ɗana, ashe da namu a cikin ruwan nan?" Na ba ta sauran yajina.

Sai da yaron ya fara rarrafe na fara ganinsa. Na miƙa hannu, ya ƙanƙame uwarsa yana tsala ihu. Yadda muka kwashe da Baffa a wannan zuwan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.