Rasor ɗin da na yanke

Jiya na kwashe kayan aikina daga garejin da nayi shekara 7 a ciki anan Maradi, kuma abu ɗaya ne yake ta dawo min a rai tun da na fito.

Shekara biyu da suka wuce wata malama mai aikin rigakafi ta kawo mana moto Yamaha DT 125 da aka bata a wajen aiki dan shiga ƙauyukan wajen Dakoro. Gajera ce, kilo 47 take, in ta hau ko yatsan ƙafarta baya taɓa ƙasa. Kun dai san DT, tayar gaba inci 21 ta baya 18, sirdi sama da santimita 80, ga shi rasor ɗin amortisar, wato murɗaɗɗen ƙarfen nan mai shanye gargada, an yi shi ne dan namiji mai kilo 70 zuwa 80, ita in ta zauna moton ko motsawa baya yi. Tace min ƙanena dan Allah ka rage mishi tsawo, kullum sai na nemi tudu ko kututture kafin in tsaya.

Patron ko tashi bai yi ba daga kan benci, yace yanke zagaye biyu a rasor na baya ka sallame ta. Nace maigida ba za mu fara da sirdi ba? Yace tun kana tsumman goyo nake wannan aikin. Na yanke. Wallahi hannuna ne ya yanke, bana musun wannan.

Abun da ban sani ba lokacin, rasor in ka rage mishi zagaye ƘARA tauri yake, ba laushi ba, dan ƙarfen da zai lanƙwashe ya ragu. Wato macen da rasor ya riga ya yi mata tauri sai muka ƙara mata. Kuma baya kaɗai muka sauke gaba yana nan a sama, nauyi ya bar tayar gaba, in ta zo kwana moton sai ya riƙa miƙewa. Kwana 9 tsakani ta shiga gargada a jar hanya, baya ya harba ta sama kamar jaki ta faɗi ta karye a wuyan hannu, akwatin sanyin allurai ya fashe a rairayi.

Da mijinta ya zo gareji, a gaban yara da masu jiran aiki patron yace shi bai ma san an taɓa rasor ba, karambanin yaro ne. Ya cire kuɗin sabon amortisar a ɗan abun da nake samu har wata uku. Ban ce komai ba saboda babana ne ya kai ni wajenshi hannu da hannu, amma daga ranar ban ƙara yi mishi kallon da nake mishi da ba. Har yau bai taɓa cewa ko da a keɓe shi ya sa ni ba.

Da ta warke ni ta nema, ba shi ba. Nace Malama ki yafe min, tace gyara min kawai ƙanena, yara suna jira. Ranar lahadi nayi aikin a ƙofar gidanmu. Na kai sirdi wajen mai ɗinki muka fere soso kamar santimita 3, muka kuma fere gefe da gefe dan faɗin sirdi ma yana cin tsawon ƙafa, mutane basu lura da wannan. Na nemo rasor mai laushi, na ɗora ta akai ina awo da mita har sai da nauyinta yake cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na tafiyar amortisar. Sannan na sassauta ƙusoshi na turo sandunan amortisar na gaba sama kamar santimita ɗaya dan gaba da baya su daidaita, kar ka wuce gona da iri anan in ba haka ba taya zata daki marfinta in an faɗa rami. Hannun birki da na ambireyaj (kuloci) na karkato su daidai yatsunta.

Ƙafar jingina kuma a kai wa mai walda ya rage, in an manta moto zai tsaya ƙiƙam iska kaɗan ta kada shi. A rairayi a rage iskar taya kaɗan. Gajere ya koyi zamewa gefe ya kafa ƙafa ɗaya sosai, ya fi ɗangalgala da biyu. Kuma duk aikin da aka sa ka wanda ranka bai kwanta da shi ba, ka maimaita umarnin da ƙarfi a gaban mutane.

Wata 16 kenan tana kan moton nan, damina da rani, bata sake faɗuwa ba. Abokan aikinta mata biyu sun kawo nasu, su ne ma suka fara tambayata ina zan buɗe nawa wajen. Guntun rasor ɗin yana cikin akwatin da na fito da shi jiya.