Tarihin Rayuwata, Kashi Na 17: Yaron Da Na Bari Ya Wuce

Jama'a, assalamu alaikum. Makon jiya na tsaya a inda na samu aikin gadin garejin ajiye motoci a Bronx, tafiyar minti biyar zuwa filin wasan Yankees da ke titi na 161, da yadda Allah ya haɗa ni da dattijon nan ɗan Jamhuriyar Dominika da nake kira Kawu. Shi ya zaunar da ni a ɗan ɗakin karɓar kuɗi ya koya mini besbol da murafun kwalba huɗu a kan tebur, kowanne a matsayin tasha ɗaya, har na gane abin da mutanen da muke ajiye wa motoci suke yi wa ihu.

A 2019 ya shigar da ni gasar fantasi da suke yi, mu goma sha biyu, yawanci ma'aikatan gareji da direbobi. Wanda ya san Fantasy Premier League ya san tsarin: ka zaɓi 'yan wasa na gaskiya, abin da suka yi a fili shi ne makinka. Sai da na tabbatar babu ko sisi a ciki kafin na amince, domin ba zan bar Wudil in zo Amurka in koyi caca ba. Kofi ne kawai na roba, ana rubuta sunan gwanin shekara a jikinsa. Kawu ya ce mini a nan birnin New York aka haifi irin wannan gasa a 1980, wani marubuci Daniel Okrent da abokansa suka tsara ta a gidan cin abinci mai suna La Rôtisserie Française.

Tamu irin wadda ba a rushewa ce, ɗan wasan da ka riƙe naka ne har baɗi da baɗin baɗaɗa. A watan Fabrairun 2021 aka kawo sabuwar doka: kowa zai riƙe yara biyar da ba su hau MLB, wato babban rukunin besbol na Amurka, ba tukuna. Nan ne wasan ya koma wani abu dabam, don sai ka yi hukunci a kan ɗan shekara sha tara ko ashirin da ba ka taɓa gani ba, wanda yake wasa a wani ƙaramin gari, ka ce nan da shekara uku ga abin da zai zama.

Na duƙufa da karatu. Na gane matakala huɗu yaro yake hawa, Single-A, High-A, Double-A da Triple-A, kafin ya isa sama. Na gane masu farautar 'yan wasa suna auna abu biyar a jikin mai bugu: iya samun ƙwallo da sanda, ƙarfin bugu, gudu, cafke ƙwallo da ƙarfin jifa. Kowanne ana ba shi maki daga 20 zuwa 80, 50 shi ne tsaka-tsaki. Shekarar 2020 kuwa korona ta hana ƙananan rukunai wasa gaba ɗaya, don haka duk alƙaluman da ke hannunmu na 2019 ne, sun kwana biyu.

Ni ne na uku a layin zaɓe, Kawu na huɗu. Da layi ya zo kaina, yara biyu ne a gabana, duka na ƙungiyar Seattle Mariners, duka suna cikin biyar na farko a jerin yara masu tasowa da MLB ta fitar: Jarred Kelenic da Julio Rodríguez.

Kelenic sunansa ya cika New York. Mets, ɗaya ƙungiyar birnin, ce ta ɗauke shi na 6 a zaɓen 2018, ta kuma ba da shi a watan Disambar shekarar a cinikin da ya kawo mata Robinson Canó da Edwin Díaz, kuma tun ranar magoya bayanta ba su daina kukan rashinsa ba. A 2019 ya buga hom-ron 23, wato ƙwallon da take tsallake katanga, ya saci tasha 20, wato ya ruga tasha ta gaba ba tare da an buga ƙwallo ba, har ya taka Double-A. A fantasi waɗannan biyun su ne zinariya. Ga shi kowa na cewa bana zai hau sama. Ban yi dogon tunani ba na danna sunansa.

Kawu ya ɗauki Julio ko daƙiƙa goma ba a yi ba. Da muka haɗu a aikin dare na ce masa, “Kawu, son ɗan ƙasa ne ya ja ka.”

Ya ce, “Ɗana, akwai wannan, ba zan ɓoye ba. Na san garinsu, Loma de Cabrera, kusa da iyakar Haiti. Amma ka duba ranar haihuwarsu?”

Ban duba ba. An haifi Kelenic a Yulin 1999, Julio a ƙarshen Disambar 2000. Kusan shekara ɗaya da rabi ke nan. Kawu ya ce a 2019 Julio yana ɗan sha takwas aka kai shi High-A, cikin samari da yawansu sun gama jami'a, kuma a wasanni 17 ya samu ƙwallo a kusan rabin bugunsa. “Wasa 17 ba yawa,” in ji shi, “amma ka tambayi kanka ɗan shekara nawa ne yake yi wa 'yan shekara nawa haka.”

Wallahi a daren nan Baba ne ya faɗo mini a rai, Allah ya ji ƙansa. Dillali ne a karar Wudil, kuma duk Juma'a ina biye da shi tun ina ɗan shekara tara. Ba ina haɗa ɗan Adam da dabba ba, ido nake nufi. In an kawo masa maraƙi ya sha dusa yana sheƙi, mai saye yana ta yaba tozo, Baba bai cewa komai sai ya buɗe baki ya ga haƙora. Yakan ce mini, “Ƙiba ta mai kiwo ce. Ka fara sanin shekara, sannan ka san ko girman nan abin mamaki ne.” Maraƙin da bai zubar da haƙoran nono ba amma ya kamo na gaba da shi a tsayi, shi Baba yake kama wa igiya. Shekara ashirin da wani abu ina ɗauke da wannan ilimin, ranar da na buƙace shi sai na bi hayaniyar gari.

Kelenic ya hau sama ranar 13 ga Mayun 2021. Washegari ya buga hom-ron, ya ƙara da manyan bugu biyu, na kasa barci don murna. Daga nan abu ya tsaya cak. Ya yi bugu 39 a jere bai samu ko ɗaya ba, a watan Yuni aka mayar da shi Triple-A. Ya ƙare shekarar da .181, ma'ana bugu 181 yake samu cikin kowane 1000, alhali matsakaicin ɗan wasa yana wajen 240 zuwa 250. Na tausaya wa yaron ƙwarai. Ɗan shekara 21 ne, duk ƙasa ta sa masa ido, ni ma da nake gareji ina cikin masu ɗora masa nauyi.

Na so in sake shi, Kawu ya hana. Ya tuna mini da Aaron Judge da muke jin ana kiran sunansa ta bayan katanga: a 2016 cikin bugu 84 sau 42 aka fitar da shi da jifa uku, wato ya kasa buga jifa uku, shekarar da ta biyo ya buga hom-ron 52. Mike Trout ma .220 ya yi a wasanni 40 na farkonsa a 2011. Na riƙe Kelenic. Har yau ina ganin riƙon daidai ne, ko da yake 2022 ta fi muni, .141 ya yi. Wanda ka zaɓa bisa hujja ba ka yar da shi saboda wata biyu.

Shi kuwa Julio .347 ya yi a 2021 tsakanin High-A da Double-A, ya je Tokyo ya ciyo wa ƙasarsu tagulla a gasar Olamfik. Duk safiya Kawu sai ya nuna mini wayarsa, ba don gori ba, don in ga abin da ya kamata in riƙa kallo. A wannan bazarar na sayi littafin rubutu na fara shafi ga kowane yaro. A sama shekarunsa da matakin da yake. Ƙarƙashi sau nawa ake fitar da shi da jifa uku, sau nawa yake haƙura da mugun jifa har a ba shi tasha kyauta. Wannan na biyun na fi yarda da shi, don yaron da ya iya bambance jifan kirki da na yaudara yana ɗan sha tara, idonsa zai bi shi duk inda ya je. Juan Soto haka yake, wasa 39 kacal ya yi a ƙananan rukunai a 2018 kafin Washington ta ɗauko shi. Na kuma koyi rage wa alƙaluman yaran da ke wasa a Albuquerque da Reno daraja, garuruwa ne masu tudu, iska ba nauyi, ƙwallo tana tashi fiye da ƙarfin mai bugu.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne gane cewa jerin da masana suke fitarwa ba don mu aka yi shi ba. Su suna lissafa iya tsaron fili, mu kuwa ba ma samun maki ko ɗaya a kansa. Amfaninsa a wurinmu ɗaya ne: mai iya cafke ƙwallo koci ba ya saurin ajiye shi a benci ko da sandarsa ta yi sanyi. Masu jifa kuma na rage zumuɗi a kansu, gwiwar hannu ɗaya in ta tsinke an tafi fiye da shekara.

Da zaɓen 2022 ya zo, shafin da na fi komawa shi ne na Anthony Volpe, ɗan New Jersey da Yankees ta ɗauka na 30 a 2019. Yana ɗan shekara ashirin ya buga hom-ron 27 ya saci tasha 33 a 2021, kuma yana da haƙurin jiran jifa. Na ɗauke shi. Aka kai shi Somerset Patriots ta Double-A, sai ga shi ya shafe Afrilu da Mayu yana fama a wajen .200. Ciwon bara ya dawo mini sabo. Wani direba a gasarmu ya aiko mini da tayi: in ba shi Volpe, ya ba ni babban ɗan wasa da yake kawo maki yanzu-yanzu. Ya ce zuwa Litinin yake jira.

Na nuna wa Kawu. Ya ce, “Babanka yana sayen sa ta waya?”

Na ce, “A'a, Kawu, sai ya gani da idonsa.”

Filin Somerset yana Bridgewater, tashar jirgin ƙasa tana jikinsa. Ranar Asabar na roƙi wani ya karɓe mini aiki, na yi sallar azahar, na sa littafina a jaka, muka kama hanyar Penn Station ni da Kawu, za mu canja jirgi a Newark. Abin da na gani a filin da amsar da na ba direban, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.